Huda Uku a Cikin Sarkin Fawa

Masu labari sun ce a wani gari an yi wani Sarkin Fawa mai suna Barau, mutum mai taurin kai kamar ganda. Ciwo ya kama shi a gefen mara na dama, ya yi kwana biyu yana shan jiƙe-jiƙe, a na uku aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Likita ta ce afendis ne, wato 'yar wutsiyar nan ta hanji, ta kumbura, in ba a cire ta yau ba tana iya fashewa. Ta ce huda uku ƙanana za a yi, a zura kyamara da ƙarafa a ciro ta, don da tumbinsa da ciwon sugansa, babban yanka zai daɗe bai warke ba.

Barau ya ture takardar sa hannu. "Ni za a koya wa aikin ciki? Wanda bai buɗe ya gani ba lalube yake yi."

Likita ta yi bayani har ta gaji, 'ya'yansa suka yi roƙo har suka gaji. Shi kansa ya gaji, ga zazzaɓi, ga amai, amma girman kai ya hana shi sauka. Da la'asar aka ɗauko amininsa Na'iya, tsohon wanzami. Ya zauna a bakin gado yana nishi.

"Sarki, tsufa ya hana ni gardama. Labari zan ba ka, in ka ga dama ka ji."

Barau ya lumshe ido, Na'iya ya fara.

"An yi wani manomi, Tunau, wanda ɓera ya mutu a cikin rumbun geronsa. Maƙwabcinsa ya ce ya huda gindin rumbun daidai inda wari ke fitowa, ya zura ƙugiya ya jawo mushen. Tunau ya ce shi sai ya gani da idonsa, ya ɗauko gatari zai fasa bango. Gwaggonsa Tabawa ta riƙe ƙotar, ta ce, 'Tsaya, ɗan nan, ka ji labarin Jatau maharbi.'

"Ta ce, 'Ƙaya ta soki Jatau a dunduniya. Matarsa ta kawo hantsaki, ya ce wannan kayan wasan mata ne. Ya zare wuƙarsa ya faɗaɗa wurin har ya ga ƙayar, ya cire. Ƙaya dai ta fita, amma rani ya zo ya wuce yana zaune a zaure yana korar ƙuda, abokansa na wucewa da nama. Ƙayar ba ta gurgunta shi ba, son ganinta ne ya gurgunta shi.'

"Tunau ya ajiye gatari. Sai dai bai huda ba, ya ce bari ya yi shawara tukuna. Kwana bakwai yana shawara. Ranar da ya yarda ya zura ƙugiya, ruɓa ta riga ta bi geron, ko kaji ba su ci ba. Kai kuwa, Sarki, ka haɗa halin Jatau da na Tunau, alhali naka rumbun ba a sake gina shi."

Tsoro ya kama Barau a karon farko, don ya san yadda hanji ke wari in ya fashe, ya sha wanke irinsa a kwata. Ya ce da ƙyar, "Amma ai ni da hannuna na buɗe ciki ya fi dubu."

"Gaskiya ne," in ji Na'iya. "A cikinsu guda nawa suka tashi suka koma gida?"

Barau ya yi yunƙurin dariya, ciwo ya katse shi, hawaye suka zubo masa.

"Ko ɗaya," ya ce. "Kira yarinyar nan ta kawo takardarta."

Aka kawo, ya dangwala yatsa. Da za a tura gadonsa ɗakin tiyata ya riƙo hannun likita.

"'Yata, aikinki ne, ban san shi ba. Ki yi yadda kika iya, ina so in koma gida."