Malam Kun-gane

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. A aji ma ban cika buɗe baki ba. Kuma a ɓoye nake yi, a bayan ƙofar kicin, kafin Mama ta tuna da wanke-wanke.

Akwai wani malamin kwamfuta da muka yi. Malam Kun-gane muke ce masa, amma a bayan idonsa. Ya san aikinsa, wannan kam ba ƙarya. Matsalarsa ɗaya, gani yake duk duniya hannunsa ne kaɗai mai tsabta.

Wata ƙungiya ce ta ba makarantarmu kwamfutoci. Aka jera su a wani ɗaki mai fanka, Malam ya sa aka ɗinka wa kowacce riga da shuɗin yadi. Mukan zauna a gabansu, hannu a kan cinya. Shi kuma sai ya zana kwamfuta a allo, har da wayarta. Ya zana ɗan abin nan mai jela, ya ce sunansa ɓera. Ya yi ta bayani har a buga ƙararrawa, sannan ya juyo.

"Kun gane?"

"Mun ganeee!"

Haka muke jan ta kamar waƙa. Wasu ma daga barci suke farkawa su amsa.

Ran nan monitar ajinmu ta ɗan ɗaga rigar kwamfutar da ke gabanta, leƙe kawai.

"Ke! Da wannan hannun naki mai maiƙo? Ta gidanku ce?"

"Malam, dama tambaya ce da ni."

"Tambaya ɓata lokaci ce. Kwafi abin da ke allo."

Ni ma ina da tambaya. Da na ji haka sai na haɗiye abata.

Shugabar makaranta ta taɓa yi masa magana a gabanmu. Ta ce, "Malam, masu kayan nan za su dawo ƙarshen shekara. In yara ba sa amfani da su, wata makarantar za a kai. Ka kuma san ba a ajiye malamin kwamfuta inda babu kwamfuta. Ka bar su su taɓa mana."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, ji da kunnenki. Yara, kun gane?"

Muka ja masa waƙar. Ya yi murmushi.

Ba ya zama ɗakin malamai. Lokacin hutu yakan kulle kansa cikin kwamfutocin, ya ci abincinsa shi kaɗai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gogewa da hankici. Na sani ne saboda ni ma ba ni da ƙawar zama. A gindin tagar ɗakin nake cin nawa.

Ranar da masu kayan suka zo aka cire rigunan. Muka ga fuskokinmu a cikin baƙin gilashi. Wata mata mai tabarau ta kunna guda ɗaya da kanta, ta kira monita.

"'Yata, mece ce kwamfuta?"

Monita ta zubo bayanin tsaf, ko numfashi ba ta ja ba. Malam yana gyaɗa kai.

"Madalla. To zauna ki rubuta min sunanki a ciki."

Monita ta dubi Malam. Sai ta ɗauki ɓeran, ta ɗaga shi sama, ta nuna gilashin da shi tana dannawa, kamar rimot ɗin talabijin. Babu wadda ta yi dariya. Duk mun ɗauka haka ake yi.

Matar ta ce, "Wa zai taimaka mata?"

Babu wadda ta ɗaga hannu. Sai ƙarar fanka.

Malam ya ce a hankali, "Ai na zana muku. Kun ce kun gane."

Ba a daɗe ba mota ta zo ta kwashe su. Aka ce shi ma aikinsa ya ƙare daga wannan zangon.

Ranar rufe makaranta aka sa ni sharar ɗakin. Na same shi zaune, ya ninke rigunan a kan cinyarsa. Kan teburan babu komai sai shatin inda kwamfutocin suka zauna. Na gaishe shi, na fara shara. Can ya ce, "Ke, 'yar bakin taga. Zo."

Ashe yana ganina.

"Tsakaninki da Allah, kin gane?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Ka ce tambaya ɓata lokaci ce."

Ya ajiye rigunan a gefe. Sannan ya ce, "Yanzu muna da lokaci. Tambayi."

Na ce, "Malam, ta ina ake kunnawa?"

Ya yi wuf ya juya, ya miƙa yatsa zai nuna min. Yatsan ya sauka a kan katako.

Darasin shi ne, in kana koyar da wani, a aji ko a wurin aiki, ka ba shi abin a hannu. Bar shi ya taɓa, ya ɓata, ya tambaye ka tambayar da kake ganin ta wauta ce. Kar ka yarda da "mun gane" ta taro, don wanda yake jin tsoronka zai faɗe ta ko bai gane ba. Malam ya tsare kayansa daga hannunmu har ya rasa su, ya rasa mu. Ke kuma mai zama a baya irina, in kina da tambaya kar ki jira sai an kwashe... Na'am, Mama! Ga ni nan zu