Zazzaɓin da Haj Miflih Ya Ɓoye

Akwai wani magidanci mutumin Karak, Haj Miflih, da aka yi wa dashen ɓargo a wani asibiti a Amman bayan sankarar jini ta kwantar da shi. Ƙanensa Nayif ne ya ba da ɓargon.

Bayan dashen aka killace shi a ɗaki shi kaɗai, domin garkuwar jikinsa ta ƙare ƙaf, ana jiran sabuwa ta tsiro. Matarsa Hajja Fidda ce kawai ke shiga, ita ma da takunkumi. Bakinsa duk gyambo, ko romo sai ya runtse ido yake haɗiyewa. Gashin bakin da ya yi shekaru yana murzawa ya zube a kan matashi.

Kullum abu ɗaya ne. Nas Lubna za ta shigo ta ɗebi jini ta robar da ke ƙirjinsa, ta auna zafin jikinsa, ta ce, "Haj, ko ɗan sanyi ka ji, ka danna ƙararrawa. Zazzaɓinka ba irin na kowa ba ne."

"Na ji, 'yata. Ke dai ki faɗa wa masu girkin nan tumatir ba guba ba ne."

"Ɗanye babu, Haj, sai jini ya tashi."

A hankali jinin ya fara tashi, garkuwar jikinsa tana dawowa. Likita ya ce idan aka yi 'yan kwanaki babu zazzaɓi zai sallame shi, da sharaɗin ya zauna kusa da asibiti, ya nisanci taro.

Ana cikin haka batun Rudaina ya taso, ita ce 'yarsa tilo. Mai nemanta a Ƙatar yake aiki, hutunsa ya kusa ƙarewa, dattawansa sun sa Juma'a za su zo neman aure. Kuma a al'adarsu, gahawar da za a ajiye gaban shugaban tawagar ba za ta shawu ba sai waliyyin yarinya ya miƙe ya ce ya ba su ita.

Nayif ya kira shi a waya. "Yaya, ka bar ni in tsaya maka. Ko mu roƙe su a ɗaga."

"Ina numfashi ka ba da 'yata? Ɓargo ka ba ni, Nayif, ba kujerata ka saya ba."

Rudaina ma ta roƙe shi ta bayan gilashi. Ya juya fuska bango.

Da safiyar wata Talata ya farka yana rawar sanyi. Ya dubi ƙararrawar, ya dubi jakar matarsa. Ya san tana ajiye maganin ciwon kai a ciki, irin mai saukar da zazzaɓi.

"Miƙo min."

"Haj, ka ji tsoron Allah. Bari in kira nas ɗin nan."

"Ki kira ta, ki kuma je ki faɗa wa mutanen Karak mijinki ya zama gawa mai magana. Miƙo min na ce."

Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa musa masa ba. Ta miƙa.

Da Lubna ta zo ta auna, ta yi murmushi. "Madalla, Haj. Kana ta yi mana halin kirki." Hajja Fidda ta tashi ta shiga banɗaki ta kunna famfo.

Haka ya riƙa haɗiyar ƙwayar kafin kowane awo, har aka sallame shi ranar Alhamis. Bai tsaya a Amman ba, ya wuce Karak.

Ran Juma'a ya shiga zaure cike da maza. Ya cire takunkumin a bakin ƙofa, ya ce namiji ba ya ba da 'yarsa da baki a rufe. Aka yi ta rungumarsa ana sumbatar goshinsa. Ya miƙe, hannu ɗaya a kan sanda, ya ce, "Ku sha gahawarku, na ba ku." Muryarsa ta fita sarai. Mutane suka ce Haj ya warke.

Kafin baƙin su gama tafiya ya sulale a kan kujera. Nayif ne ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa mota.

A asibiti aka gano ƙwayar cuta ta shiga jininsa ta robar ƙirjin, ta riga ta bazu. Likitan ya fito ya sami Hajja Fidda a tsaye.

"Hajja, yaushe zazzaɓin ya fara?"

"Talata."

"Talata yana hannunmu."

"Na sani."

Likitan ya ce da a ranar aka sani, ga maganin a ɗakin da ke kusa.

Haj Miflih ya yi kwanaki a kan na'urar numfashi, bai sake buɗe ido ba. Bayan Hajja Fidda ta fita takaba aka ɗaura auren Rudaina a falo, mutum kaɗan, Nayif ne waliyyi. Da wata goggo ta buɗe baki za ta yi guɗa, amaryar ta riƙe mata hannu ta girgiza kai.

Darasi: Kada girman kai da gudun abin da mutane za su ce su sa ka ɓoye wa likita ciwonka. Mai jinya kuma, shirunki a irin wannan wuri ba biyayya ba ce. Ku tura wa duk wanda kuka san yana jinya ko yana da mara lafiya a gida.