Ɗakin da Inna Ba Ta Kwana Ciki Ba

Yayana Kailu mutum ne mai kirki da ƙwazo, wannan babu wanda zai musa a duk Filinge. Aibinsa ɗaya ne: ba ya son alherin da ido ba zai gani ba. Idan zai aiko wa mutum riga, sai wadda za a tsayar da shi a hanya a tambayi inda ya samo ta. Na san shi ciki da waje, domin shekara huɗu muka yi ɗaki ɗaya a Amirka. Shi yana tuƙa babbar motar kaya daga gari zuwa gari, ni kuwa ina ta sauya aiki, har na gaji na tattara na dawo gida. Na dawo ɗin ma ban zauna ba. Yau ina Yamai, gobe ina Bonkuku, ina neman abin da ni kaina ban sani ba.

Kailu yana da wani katin banki da yake shan mai da shi. Duk abin da ya saya da katin, bankin yakan rubuta masa maki a matsayin tukuici. Idan makin ya taru, mutum yana da zaɓi biyu: ya tura shi kamfanin jirgin sama a ba shi tikiti, ko ya tura shi kamfanin otal a ba shi ɗaki. Sharaɗin dai shi ne, inda ka tura, can ya tafi. Ba ya komawa banki. Shekara shida Kailu yana tara makin nan bai taɓa ko ɗaya ba, saboda alkawarin da ya yi wa mahaifiyarmu, Inna Sa'adatu, cewa zai kai ta umara.

Inna tana da yaya guda, A'isa, muna ce mata Inna Babba. Ta bi mijinta aikin hajji tun kafin a haife mu, suka zauna a Jidda, ba ta ƙara taka ƙasarmu ta Kurfai ba. Shekara arba'in da shida ba su ga juna ba, sai muryoyi da suke aika wa juna ta waya. Burin Inna a duniya shi ne ta je ta yi umara, ta zauna da yayarta tabarma ɗaya. Fasfo ma mun yi mata, yana ƙulle cikin kwalla.

Wata rana da hantsi Kailu ya kira ta wayata. Inna tana tsakar gida tana sheƙar gero, domin ranar Asabar ce. Duk Asabar gidanmu cika yake yi da masu zuwa kasuwar Lahadi, makiyaya daga Sanam, manoma daga Tabla. Sukan ɗaure dabbobinsu a bayan gida, su ci tuwo, su kwana a zaure. Tun ina rarrafe haka na ga ana yi, kuma ban taɓa ganin Inna ta karɓi ko dala ba.

"Inna, maki ya cika!" in ji Kailu. "Ko dai tikiti biyu, ke da wannan marar zaman, ko kuwa kwana goma a wani otal na Jidda, hawa talatin, ga teku kina kallo ta taga."

Inna ta karkaɗe zanenta ta ce, "Teku mi za ya yi mini? Yayata nike biɗa. Sayo mini hanya, ɗana. Masauki ina da shi."

"Wane masauki? Ɗaki biyu ne fa gare su, su tara a ciki. A ce uwar Kailu ta je Jidda ta kwana a ƙasa?"

"To, a sama aka haife ka?"

Na fashe da dariya. Kailu ya ce, "Kai Mahmud, rufe mana baki, kai da ka kasa zama ko'ina." Sannan ya sassauta murya. "Inna, shekara nawa kina shimfiɗa wa mutane? Ki bari ke ma a shimfiɗa miki sau ɗaya. Tikiti da kuɗina zan saya, aikin wata biyu ne kawai."

"Wata biyu a hannunka suke?" in ji ta. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da aikinta.

Da muka keɓe na ce masa ya bar makin a banki tukuna, tunda babu mai korarsa. Ya ce kamfanin otal ɗin yana ƙarin kyauta ga duk wanda ya tura a makon nan. Har ya turo mini hoton ɗakin, ya ce in nuna wa abokanmu na tasha. A ranar ya tura makin shekara shida gaba ɗaya.

Kwana goma sha biyu bayan haka injin motarsa ya buga a hanya, gyaran ya cinye duk abin da ya ajiye. A makon kuma Ummul, ɗiyar Inna Babba, ta kira daga Jidda. Ta ce tsohuwa ta faɗi, likita ya ce duk mai son ganinta ya zo yanzu. Ta sa mana ita a waya, muryar ta yi ƙasa amma wasan yana nan: "Sa'adatu, kina tahe ko sai na zo na ɗauke ki a baya kamar da?"

Kailu ya kira banki, suka ce abin da ya fita ya fita. Ya kira kamfanin otal, suka ce za su juya masa makin zuwa na jirgi, amma cikin kashi uku ɗaya ne zai saura. Wannan ko tikiti guda bai kai ba. Ya kira ni yana kuka, babban mutum mai gemu. Ni kuma ba ni da komai sai wayar da ke hannuna.

Asabar ta zo, Inna ta ɗora tukunya kamar kullum. Sai dai da ta kai tuwo zaure, wani dattijon makiyayi na Sanam, Idrisa, wanda ya fi shekara talatin yana sauka gidanmu, ya dube ta ya ce, "Inna, yau miyarki ba gishiri, kuma ba ki zage mu ba. Lafiya?"

Ni na ba shi labari. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato ɗan Amirka ya sayi wurin kwana a garin da bai da hanyar zuwa?" Ya girgiza kai.

Abin da na gani washegari, har in mutu ba zan manta ba. Da azahar, kasuwa na tsakiyar ci, Idrisa ya shigo gidanmu, bayansa mutane sun kai ashirin. Bijimin da ya kawo don ya sayi hatsin gidansa, shi ya sayar, ya kawo rabin kuɗin. Wani manomi, Manzo na Tabla, ya sayar da buhun gero biyu. Wata mai tallan nono da ban ma san sunanta ba ta kwance bakin zanenta. Labari ya bi motocin kasuwa ya shiga ƙauyuka. Lahadin da ta biyo, mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa sallama, wannan da akuya, wancan da zabi. Wani saurayi ya ce shi bai taɓa kwana gidan ba, amma ubansa kafin ya rasu ya gaya masa cewa a shekarar fari wata mata a Filinge ta riƙe shi kwana tara.

Inna ta tsaya a bakin zaure tana cewa, "Ku bari, don Allah ku bari, ni ban yi don wannan ba."

Idrisa ya ce, "Mun sani. Shi ya sa munka zo."

Ni da na zagaya duniya ina ganin na san yadda ake tara abu, na tsaya baki buɗe. Ba kati, ba takarda, ba wanda ya taɓa rubuta mata komai. Amma ga shi ya taru, kuma ranar da ta buƙata ya zo da ƙafarsa.

Kafin kuɗi su haɗu, biza ta fito, mu samu jirgi daga Yamai, mako uku sun wuce. Mun isa Jidda da safe. Inna Babba tana kwance, kwana huɗu ke nan da bakinta ya rufe. Inna ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Yaya, ga ni. Da ƙafata na zo, ba sai kin goya ni ba." Tsohuwa ta buɗe ido, ta ɗaga hannu da ƙyar ta shafa fuskar ƙanwarta tun daga goshi har haɓa. Kwana biyu Inna tana gefenta a tabarma, a rana ta uku Allah ya karɓi abinsa.

Ummul ta gaya mana cewa mako biyu da suka wuce tsohuwa tana zaune, tana ci, tana tsara irin hirar da za su yi. Da tikiti na hannu ranar da aka kira, da sun samu kwana goma suna magana.

Kailu kuwa ya kama ɗakin nan duk da haka, ya turo mini takardar, ko Inna za ta huta bayan zaman makoki. Na je ni kaɗai na ga wurin. Gilashi tun daga ƙasa har inda wuya ke gajiya, sanyi da ƙamshi, ruwa yana gangarowa a jikin bango. Gaskiya ban taɓa ganin gini irinsa ba. Na dawo na kwatanta wa Inna, na haɗa ta da Kailu a waya.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, na san don ni ka yi. Amma tabarmar nan har yanzu da ƙamshin yayata. Ka ba su makullinsu."



Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, idan za ka yi wa mutum alheri, ka saurari abin da ya ce yana buƙata, ba abin da zai sa a yabe ka ba. Idan aka ba ka zaɓin da ba a komawa, kada ƙarin kyauta ya sa ka gaggawa. Ka fara tanadin abin da babu wanda zai ba ka a madadinsa. Kailu ya zaɓi ɗaki alhali uwarsa hanya ta rasa, kuma kwanakin da aka yi asara babu makin da zai dawo da su. Ni dai tun da muka dawo ban ƙara barin Filinge ranar Asabar ba. Ni ke shimfiɗa tabarmi a zaure.