Sha-Yanzu da Muryoyin da Suka Ɓace a Gidan Rediyo

A wani ƙaramin gidan rediyo da ke saman benen wasu shaguna, an yi wani ma'aikacin na'ura da kowa ke kira Sha-Yanzu. Halinsa ne ya jawo masa sunan, domin shi komai nasa sha yanzu magani yanzu ne. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, hannunsa kuma yana da kyau a kan na'ura, amma bai taɓa karanta bayani ya kai ƙarshe ba. Ko shayi aka zuba masa, sai ya ƙona harshe kafin ya huce.

Yayarsa ce ta samo masa aikin. Ita ce injiniyar gidan, ita ta harhaɗa babbar kwamfutar ɗakin watsa shiri, ta ɗora mata babbar manhaja irin ta kyauta, wadda masu sa kai ke rubutawa, kowa yana iya duba cikinta ya gyara. A kan kwamfutar nan ake naɗar murya, a tace ta, a sake ta a iska. A cikinta kuma ake ajiye shirin Gwaggo.

Gwaggo dattijuwa ce mai gabatar da shirin hira da tsofaffi. Shekara da shekaru tana zaga unguwanni da rikoda a jaka, tana naɗar muryar tsofaffin direbobi da ungozomomi da maɗinka da malaman makaranta. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, muryarsu kawai ta rage.

Wata rana masu kula da babbar manhajar suka fitar da doguwar sanarwa cewa sun sauya kwampaila. Yaya ta kira ƙanenta ta zaunar da shi gaban allon kwamfuta.

"Kwampaila ita ce ke juya rubutun masu shirya manhaja zuwa abin da na'ura ke ganewa," in ji ta. "Wannan sabuwar ta sauya yadda manhajoji ke haɗuwa da juna. Ka ɗauka an sauya duk soket ɗin gidan nan, tsohon filogi ba zai ƙara shiga ba. Don haka sai an bi tsari. A sa sabuwar kwampaila, a sake gina ginshiƙan da sauran manhajoji ke dogara da su, sannan a sake gina kowace manhaja, ba a bar ko ɗaya ba."

"To mu fara mana, Yaya."

"Ka ji ka ko? Aiki ne mai cin lokaci. Gobe zan kai Inna asibiti a yi mata aikin ido, ka bari sai na dawo. Abin da nake so ka yi, ga sabon faifan ajiya nan a durowa, tsohon ya lalace. Ka kwafe shirin Gwaggo kaf a ciki. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya. An gama."

Washegari da hantsi ya jona faifan ya fara kwafa. Da ya ga abin yana tafiyar hawainiya, sai ya tsayar, ya ce zai ƙarasa da yamma. Ana nan sai manhajar tace murya ta sandare a tsakiyar aiki, kamar yadda ta saba yi kwanakin nan. Manajan gidan ya leƙo yana tsaki.

"Wai wannan abin ba shi da magani ne? Kullum sai mu yi ta jiran yayarka?"

Maganar ta soki Sha-Yanzu. Ya san sabon zubin manhajar ya gyara matsalar, amma ba ya aiki sai da sabuwar kwampaila. Ya buɗe sanarwar, ya karanta layukan farko, ya tsallake sauran. Ya sa sabuwar kwampaila, ya sake gina ginshiƙan, komai ya tafi lafiya. Da ya ga jerin manhajojin da suka rage, ya ga ba ranar ƙarewa, sai ya zaɓi ta tace murya kaɗai ya gina. Daga nan ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa.

Ta taso, amma ba yadda ya san ta ba. Ya danna manhajar watsa shiri, ta ƙi buɗuwa, sai wani rubutu da ke cewa ta nemi wani abu a ginshiƙi ba ta same shi ba. Ya danna mai nuna fayiloli, ita ma haka. Ya ce bari ya koma ya gina sauran, sai ya tarar ita kanta manhajar da ke yin ginin tana cikin waɗanda ya tsallake. Ita ma ta mutu.

Ya ɗaga kai ya dubi ƙaramar rediyon da ke kan tebur, wadda suke sauraron tasharsu da ita. Shiru, sai huci. Wayar ofis ta fara ruri, masu sauraro suna tambaya ko lafiya. Manaja ya shigo kamar an jefo shi.

"Me ka yi?"

"Ƙaramin abu ne, ranka ya daɗe. Yanzu zan gyara."

Ba ƙaramin abu ba ne, shi ma ya sani. Ya kira Yaya a waya. Ta ɗauka tana magana ƙasa-ƙasa, don an shiga da Inna ɗakin tiyata. Ya faɗa mata komai, ban da maganar kwafin da bai ƙarasa ba.

Ta ce, "Saurara da kyau. Ba abin da ya ɓace. Manhajojin ne ba sa jin yaren juna, amma fayiloli suna nan daram. Ka jona ƙaramar kwamfutata, ku sa kiɗa, mai labarai ya karanta kai tsaye. Babbar kuma kada ka ƙara taɓa ta. Gobe in na zo zan tashe ta da wani faifai daga waje, in gina sauran. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Yaya."

Ya yi yadda ta ce, kiɗa ya fara tashi. Amma tallace-tallace da shirye-shiryen yamma duk suna cikin babbar. Manaja yana ta safa da marwa a baranda, waya a kunne, yana ba mutane haƙuri. Duk sanda ya wuce ƙofa sai ya watso wa Sha-Yanzu harara. Shi kuwa yana zaune ya zuba wa baƙin allon ido. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Gobe ta yi masa nisa kamar baɗi.

Can sai ya tuna yana da filas a aljihu, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake sokawa a kwamfuta, mai ɗauke da sabon zubin babbar manhajar, ginanne tsaf. Ya ce a ransa, in na ɗora wannan ai magana ta ƙare, kafin Yaya ta dawo na wanke kaina. Ya rufe ƙofa, ya soka filas ɗin. Tambayoyi suka riƙa fitowa, yana danna "ci gaba" ba tare da ya karanta ba. Ɗaya daga cikinsu tana tambaya ne ko a share faifan kwamfutar gaba ɗaya. Ita ma ya danna.

Kafin la'asar kwamfutar ta taso fes, komai yana buɗuwa. Ya juye mata kiɗa da tallace-tallacen da ya tattaro daga wayoyin ma'aikata, gidan rediyo ya koma kamar ba abin da ya faru. Manaja ya dafa kafaɗarsa yana dariya.

"Ashe kai ma ba baya ba ne! Gaba da gabanta."

Bai gama jin daɗin yabon ba sai ga Gwaggo ta hawo bene tana haki, jaka a kafaɗa.

"Ɗana, fito mini da hirar tsohon direban jirgin ƙasan nan. Yau zan maimaita ta."

Ya nemi ma'ajiyar shirinta. Babu. Ya rubuta sunan shirin a wurin bincike, babu. Ya jawo durowa ya jona sabon faifan, sai 'yan hirarrakin da suka samu shiga kafin ya tsayar da kwafin, ba su taka kara sun karya ba.

"Ɗana, lafiya? Na ga kana zufa."

Ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Da Yaya ta iso washegari, ko jaka ba ta ajiye ba ta cire faifan babbar kwamfutar ta shiga ƙoƙarin ceto fayilolin. Ta wuni a kai. Amma sabuwar manhajar da kiɗan da ya juye sun hau kan tsofaffin fayilolin. Abin da ta tsamo guntaye ne marasa suna: tarin wani tsoho, dariyar wata tsohuwa, rabin jimla da ta yanke a tsakiya. Ta juyo ta dubi ƙanenta.

"Kuskuren farko mai gyaruwa ne," in ji ta. "Na ce maka gobe. Goben ce ta gagare ka?"

Manaja ya karɓe makullin ɗakin daga hannunsa, ya ce ya tafi gida sai an neme shi. Ita ma Yaya sai da ta sha tambayoyi, tun da ita ta tsaya masa aka ɗauke shi.

Ranar da ya dawo kwashe kayansa, ya tarar da wata mata zaune a benci a baranda, da ƙaramar yarinya a cinyarta. Ta zo ne neman hirar da Gwaggo ta yi da mahaifinta kafin ya rasu, tana so yarinyar ta ji muryar kakanta. Gwaggo ta fito ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta, ta faɗa mata gaskiya a hankali. Matar ta goge ido da gefen mayafi, ta yi godiya, ta saɓa 'yarta. Sha-Yanzu ya matsa jikin bango ya ba ta hanya, har ta sauka bene bai iya ce mata sannu ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aikin da aka ce a bi shi daki-daki, to a bi shi daki-daki, domin sauri kan haifi nawa. Kafin ka taɓa abin da amanar mutane ke ciki, ka tabbata ka ajiye kwafinsa. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya, ka faɗi gaskiya duka, ka jira wanda ya fi ka sani. Sau da yawa ba kuskuren farko ke rusa mutum ba, gaggawar rufe shi ce, kuma akwai ɓarnar da ko an yi da-na-sani ba ta gyaruwa.