Rantsuwar Mai Motoci a Kan Tsohon Soja

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, wani Alhaji, a ƙasar Gaya, ba zan kama sunansa ba don jikokinsa suna nan da rai. Allah ya ba shi motocin ɗaukar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Gaya da Ajingi har su kai Toranke ranar kasuwa. Ya ba shi baki mai daɗi, ya kuma ba shi kujera a majalisar da ke duba al'amuran yankin. Sai dai duk abin da ya gani a hannun wani, zuciyarsa sai ta ce masa ai da shi ya fi dacewa.

A lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Samarin da suka tafi sun fara dawowa, wani babu hannu, wani babu ido, wani jikinsa ƙalau amma ba ya son magana. A cikinsu akwai Maiwada, mutumin wani ƙauye kusa da Ajingi, wanda ya yi tuƙin motar soja har nakiya ta raba shi da ƙafar hagu. Ya dawo da sanda a hammata, matarsa Barira ta karɓe shi a yadda ya zo.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, umarni ya zo wa majalisa daga jiha. Aka ce a naɗa mutum ɗaya ya riƙa duba lafiyar motoci, ya tsayar da duk wadda ta lalace ko take tuƙa hayaƙi, ya kuma tsaya a kan rabon kananzir ɗin da ake kawo wa ƙauyuka. Aka ce a fifita tsohon soja. Da aka zauna, bakin dattawa ya zo ɗaya a kan Maiwada.

Mutumin nan yana zaune yana lissafi. Ya san motocinsa. Ya san ranar da Maiwada ya buɗe kan inji ɗaya, ranar za a ɗaure su duka a gindin kuka. Sai ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya ce shi ba ya son tona asirin Musulmi, amma amana ta fi kunya. Ya ce Maiwada ya dawo da taɓin hankali, shi da idonsa ya gan shi yana zance da bango, yana bin mutane da wuƙa. Wani dattijo ya tambaye shi ko zai iya rantsuwa. Ya rantse da Allah, bai ko ƙifta ido ba.

Ya 'yan uwa, me ya fi wannan arha a baki, me kuma ya fi shi tsada a lahira?

Aka janye sunan Maiwada. Aka ce kafin a sami wani, shi mutumin nan ya riƙe, tunda ya san mota. Ya fita yana jin iska tana kaɗa masa riga.

Maganar ta riga shi isa ƙauye. Mutane suka daina zama a tabarmar Maiwada. In ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya ɗan matsa. Dangin Barira suka zo suka ce ta tattara ta dawo gida kafin ya yanka ta, ta ce musu ita take kwana ɗaki ɗaya da shi, ita ta san mijinta. Maiwada bai kai ƙara ba. Ya zauna a zaurensa yana tufkar igiya yana sayarwa. Da labarin ya je kunnen mutumin nan, sai ya ji daɗi, ya ɗauka shirun nan tsoro ne.

Sai ya saki jiki. Kananzir ɗin ƙauyuka ya riƙa sauke shi a bayan gidansa, ya haɗa da baƙin mai ya ɗura wa motocinsa. Fitilu suka mutu daga Gafasa har Kademi, mata suka koma kunna kara su ga abin da suke tuƙawa. Motocinsa kuwa in sun taso, tun daga nesa ake ganin baƙin hayaƙi kamar an sa wa daji wuta. Matan Fulani da ke kawo nono, irin su wata tsohuwa Hure, da sun hango sai su rufe ƙwarya da faifai su juya baya suna tari. Direbobinsa suka ce masa injuna suna mutuwa, birki ya saki. Ya ce wa zai kama su, ba shi ne mai dubawa ba?

Ranar wata kasuwar Toranke, da hantsi, motocinsa biyu suka taso a jere, shaƙe da buhunan gyaɗa, mutane a sama, har da Hure. Ta gaba ta mutu a tsakiyar hanya cikin hayaƙinta. Direban ta baya bai ga komai ba sai baƙi, ya taka birki, birki ya ƙi. Ya afka mata. Mutane suka zube a ƙasa, gangunan kananzir ɗin ƙauyuka da aka ɓoye a ƙarƙashin buhuna suka fashe, kananzir ya malale a kan yashi, kowa ya ga tambarin hukuma a jikinsu.

Abin ya faru ne dab da ƙauyen su Maiwada. Ya fito da sandarsa, ya aika a kira sauran tsofaffin sojojin da ke kusa. Ya hana kowa kunna taba, ya sa aka janye mutane daga inda man ya zuba, ya yage rawaninsa ya ɗaure raunuka. Shi ya ɗaure wa Hure ƙafar da ta karye, yana mata magana a hankali har ta daina kuka. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Jama'a suna kallo, suna duban juna. Wannan ne aka ce mahaukaci?

Da majalisa ta sake zama, mutumin nan ya zo da shirinsa, zai ɗora wa direbobi laifi. Yana cikin jera maganar a ransa sai ya ji takun ƙafa daga waje, taku ɗaya, ba gaggawa. Tsofaffin sojoji ne suka taho a sahu tun daga bakin kasuwa, mai hannu ɗaya, mai ido ɗaya, Maiwada a gaba yana dogara sanda. A bayansu mutanen ƙauyuka, har da Hure a kan jaki. Ba wanda ya ɗaga murya. Suka tsaya a ƙofa, aka yi wa Maiwada izini ya shiga.

Ya gaida dattawa, ya ce, "Ranku ya daɗe, ban zo neman muƙami ba. Ƙafata na bari a can, hankalina kuwa da shi na dawo. Ga ni, ga Alhaji. Ya maimaita rantsuwarsa ina tsaye."

Mutumin nan ya buɗe baki. Bakin nan mai daɗi da ya saya masa komai, ranar ya ƙi motsi. Dattijon da ya rantsar da shi a da ya ce, "Alhaji, muna jiranka." Mutumin nan ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba.

A zaman nan aka tuɓe shi, aka kuma kore shi daga kujerarsa. A zaman nan aka naɗa Maiwada. Da labari ya fito waje, Barira ce ta fara rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓe, sojoji suka ɗaga Maiwada a kafaɗa suka zaga gari da shi. Ba a yi wata guda ba fitilu suka dawo a ƙauyuka, mota mai hayaƙi kuwa ba ta sake wuce Ajingi ba sai an gyara ta.

Shi kuwa mutumin nan, hukuma ta ɗaure shi, ya fito ya tarar an sayar da gidansa don jinyar waɗanda suka ji ciwo. Duk abin da ya faɗa a gari, ko sallama ce, sai a ce a bincika tukuna. Ya ƙare rayuwarsa a zauren wani ɗan uwansa, ba mai neman shaidarsa ko a kan cinikin akuya.

Ya 'yan uwa, muƙami amana ne, ba gado ba ne. Wanda ya ɓata sunan bawan Allah don ya hau kujera, ya sani Allah ya ji rantsuwar, kuma shi ba ya mantuwa. Kai kuma da aka yi wa ƙage, kada ka ce an gama da kai. Riƙe gaskiyarka, ranarka tana tafe.

Allah ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, ya tsare hannayenmu daga haƙƙin jama'a. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu gama lafiya. Amin.