Taken Kakan Hansai

An ce wai a wata makarantar 'yan mata an yi wani malami, Malam Tanimu, mai koyar da sauraron kiɗa da waƙa. Mutum ne mai gaskiya, sai dai in ya kafa doka ko shi kansa ba ya iya tsallake ta. Dokarsa kuwa ɗaya ce: idan ya kunna kaset, duk wadda ta yi magana ko ta bar kujerarta ta faɗi.

Ranar jarrabawar ƙarshen shekara ya sa musu wani tsohon kaset na gangar noma, wanda ya shekara bakwai yana koyarwa da shi. Ajin ya yi tsit. Kiɗa ya yi nisa ke nan sai wata ɗaliba mai suna Hansai ta miƙe tsaye, ta sunkuyar da kai, can kuma ta zauna. Malam ya ja mata jan biro, wanda ke nufin za ta maimaita aji.

Abin ya dame shi, don yarinyar ba ta taɓa saɓa masa ba. In ya yafe, dokarsa ta zama wasan yara. In ya ƙi, shekararta ta salwanta. Sai ya kai maganar gaban shugabar makaranta, Hajiya Kuluwa, dattijuwa marar gaggawa.

Hajiya ta sa aka kira Hansai, ta ce, "'Yata, me ya tashe ki?"

Hansai ta durƙusa ta ce, "Hajiya, a nan wurin makaɗin ya bar kiɗan gayya ya kama taken kakana, Sarkin Noma Nomau. Ban riske shi ba, amma a gidanmu ba a jin takensa a zaune."

Hajiya ta ce, "Lalle kunne ya girmi kaka. Amma baki na iya faɗin komai. Malam, mu je ajin."

Ta sa kowa ta rufe ido, ta ba Malam kujera cikin ɗalibai, shi ma ya rufe nasa. Ta ce, "Duk wanda ya ji inda ganga ta fara kiran mutum, ya ɗaga hannu." Sau uku tana mayar da kaset baya, kowane karo daga wani wuri daban. Sau ukun nan hannu ɗaya ne ya tashi, na Hansai, kuma daidai wuri guda. Na Malam kuwa yana kan cinyarsa.

Sannan ta ce, "Malam, shirun da ka ɗora musu, don me?"

Ya ce, "Don su ji, ranki ya daɗe."

Ta ce, "To, dokarka tana nan daram. Ka rage mata maki biyar na ladabi, tunda ba ta nemi izini ba. Amma makin sauraro, wa za ka ba in ba ita ba? Mutum arba'in sun zauna saboda ba su ji komai ba, ɗaya ta tashi saboda ta ji. In ka kayar da ita, kunne ka kayar a jarrabawar kunne."

Kunya ta kama Malam Tanimu, irin wadda ke gyara mutum. Shekara bakwai ana kiran wani bawan Allah a ajinsa, shi kuwa yana ta lura da wa ya motsa. Ya soke jan biron, ya rubuta sunan Nomau a jikin kaset, ya sake kunnawa, ya ce, "Hansai, in an zo wurin ki nuna mini."

Da ganga ta juya, Hansai ta ɗaga hannu. Malam ne ya fara miƙewa, sannan ajin duka suka bi shi.

Shi ya sa masu hikima suka ce, kada mai awo ya manta abin da ya fito aunawa. Shiru ba shi ne ji ba, dutse ma shiru yake yi.