Layin Fensir a Shafin Ƙarshe

Ku masu cewa littafin labari lalata mata yake yi, ku matso, yau da ku nake.

A wata unguwa a Azare an yi wani littafi da ya yi ta yawo ɗaki ɗaki har bangonsa ya fita. Labarin wata mata ne da miji ya yi ta jibga, tana haƙuri, har aka kai ta makwancinta. Littafin ya zo hannun wata matar aure, Yahanasu, tana da cikin wata biyar, ita da sau uku tana yaji mahaifinta yana kora ta ɗakinta. Ba ta yi kuka ba. Fensir ta ɗauka ta rubuta a shafin ƙarshe: "Ni ce wannan, amma wallahi ba zan yi irin mutuwarta ba." Ba ta sa suna ba, ta mayar.

Tabawa, mai littafin, jarababbiya ce. In an dawo mata da aro sai ta bi shafi shafi, kada a yage mata. Ta ga rubutun, ta gane hannun, don benci ɗaya suka zauna a ajin yaƙi da jahilci. Da wata ce sai ta goge ta ja bakinta. Ita mayafi ta yafa, ta kai wa Malama Kubura ta Islamiyya.

Malama dama littafin ya ƙona mata rai, cewa take wannan ba haƙuri ba ne, kisa ne. Ta iske mahaifin Yahanasu a zaure cikin abokansa, ta durƙusa ta gaishe su, ta karanta musu babin jana'izar matar cikin littafin, sannan layin fensirin. Ta ce, "Baba, hannun 'yarka ne. Likkafani kake jira?" Tsoho ya rasa inda zai sa idonsa. A ranar ya aika aka taho da Yahanasu, masu biko suka koma hannu rabbana.

Miji ya ƙi saki. Gaban alƙali ya rantse ko yatsa bai taɓa ɗaga mata ba, maƙwabta kowa ya ce bai ji ba bai gani ba. Sai ga Azumi tela da ƙulli. Tun da ta karanta littafin ta daina ɗinke rigunan da Yahanasu ke kawo mata gyara, ta koma adana su. Nata mijin ya ce in ta fita a bakin aurenta, ta fita. Ta shimfiɗa riguna huɗu, duk yagaggun wuya, biyu da jini. Alƙali ya raba auren.

Yahanasu ta haifi mace, lafiya lau. Uban jaririyar ya aiko cikin fushi wai su raɗa mata duk sunan da suka ga dama. Ta yi dariya, ta ce ai kuwa ya gama magana: takwara za ta yi wa ɗaya daga cikin matan nan uku. Gobe suna, goro ya iso, liman yana jira.

To, tsakanin Tabawa, Kubura da Azumi, sunan wa ya cancanci a raɗa wa yarinyar nan?